Wan Wane: Abin da Tarihin Arewa Ya Koya Mini Game da Zama a Inuwar Ɗan'uwa

Bara da Kirsimeti na je gida Dogon Dutsi. An tashi daga sujada muna tsaitsaye a bakin majami'a ana gaisawa, sai wani dattijo ya kamo hannuna ya kai ni gaban wani baƙo da ya zo daga Yamai, ya ce masa, "Ka san wannan kuwa? Ai wan wane ne." Baƙon ya washe baki, ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya shiga tambayata lafiyar ƙanena, da ranar da zai zo, da ko gaskiya ne yana shirin fitar da sababbin waƙoƙi. Har muka rabu bai tambayi sunana ba. Shekarata 52 a duniya, ina da mata da 'ya'ya 5, na yi shekara 27 ina riƙe da alli a lakwal, amma a garin da aka binne cibiyata sunana "wan wane".

Na yi dariya ranar, kuma dariyar har cikin zuciya ta fito. Da a ce shekara 15 da suka wuce ne, da ko abincin rana ba zai shiga bakina ba. Abin da ya faru tsakanin wancan lokaci da wannan shi nake so in ba mai karatu labari. Rabin maganin da na sha daga Littafi Mai Tsarki ya fito, ɗaya rabin kuma daga tarihin ƙasarmu ta Arewa, wadda na lura cike take da 'yan'uwa biyu-biyu, ɗaya ya yi suna ɗaya an manta da shi.

Ciwon da ba shi da suna

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk Bahaushe ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta wasa da ni a gaban mutane, in za ta aike ni sai ta ce "kai", ko ta ce wa wani "gaya wa wancan". Iyayena Kirista ne tun kafin a haife ni, amma ruwan baftisma bai wanke kunyar ɗan fari ba. Da aka yaye ni sai aka kai ni ɗakin kakata, can na girma. Ƙanena da na ba shekara 3 shi ya samu cinyar Inna, sunansa na bakinta safe da yamma. Ga shi Allah ya ba shi farin jini, da sakin fuska, da murya wadda in ya ɗaga ta a majami'a har masu tallan ƙosai a waje sukan yi tsit.

Hausa ta tanadi kalma domin gasar da ke tsakanin 'ya'yan kishiyoyi, wato 'yan ubanci. Kowa ya san da ita, ba a ma jin kunyar ambatonta. Amma wanda kuka fito ciki ɗaya, kuka sha nono ɗaya, an ɗauka babu abin da zai shiga tsakaninku, shi ya sa harshen bai ajiye wa wannan ciwo suna ba. A gidan Kirista kuma mace ɗaya ce, babu kishiyar da za a ɗora wa laifi. Don haka na tashi da wani abu a ƙirjina wanda ban san yadda zan kira shi ba, kuma duk ranar Lahadi ina jin ana wa'azi a kan ƙauna ina ƙara jin ni mugu ne.

Kakata ce ta fara ba ni hanyar duban abin, ko da yake ba ta san ta yi ba. Cikin addinin Azna aka haife ta, tana da tsagar nan ta Arewa guda biyu da ke tashi daga gefen baki zuwa kunne. Sai da ta tsufa ta bi ɗanta zuwa majami'a, amma labaran da ta gada ba ta zubar da su ba. Da dare takan ce mini, "Maigidana, matso in ba ka labarin Lugu da Bagaji."

Sarauniya da Baura

Ga yadda tarihin baka ya zo da shi. Mutanen farko da suka zauna a wannan yanki na Dallol Mawri su ake kira Gubawa. An ce Sarauniya ta taso daga Daura da jama'arta da dutsen nan mai suna Tunguma, ta yada zango a Lugu. Ɗan'uwanta kuma, wanda sarautarsa ake kira Baura, ya kafa Bagaji. A hannun waɗannan gidaje biyu al'amuran ƙasa suke: roƙon ruwa, shirya tsakanin mutane da iskoki, da shari'ar da ake kaiwa gaban Tunguma. Idan mai riƙe da ɗaya daga cikin sarautun ya rasu, gawarsa ake ɗauka a makara ita ta nuna magaji, abin da ake kira tarkama.

Daga baya wani ɗan Sarkin Borno mai suna Ari ya iso ƙasar, Baura ya ba shi 'yarsa, aka haifi Akazama. Zuriyar Akazama ce ta riƙe sarautar duniya, wato Sarkin Arewa, kuma daga sunan Ari ake cewa kalmar Arewa ta wannan yanki ta samo asali. Mai karatu ya lura da kyau: duk wani basarake na Arewa, ta wajen uwa jikan Bagaji ne. Da Baura bai karɓi baƙo ya ba shi aure ba, da babu gidan sarautar da ake yi wa kirari a yau.

To amma wa duniya ta sani? A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin kaftin Voulet da Chanoine ta ratso daga yamma za ta tafkin Cadi, tana ƙone garuruwa tana kashe mutane. A watan Afrilu na shekarar ta auka wa Lugu, inda mutanen Sarauniya Mangu suka tare ta da baka da kibiya kafin su janye cikin daji. Rundunar ta wuce ta yi mummunar ɓarna a Birnin Ƙonni a watan Mayu. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda Faransa ta aiko ya tsayar da su, kuma cikin 'yan kwanaki sojojinsu suka kashe shi da Chanoine a kusa da Maijirgi.

Shekara 81 bayan haka, a 1980, Abdoulaye Mamani ya wallafa littafinsa mai suna Sarraounia. A 1986 Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mayar da shi fim, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1987. Daga nan sunan Sarauniya ya zagaya duniya. Akwai gidan rediyo da talabijin mai sunanta a Yamai, hukumomin sojan da suka hau mulki a 2023 ma sun sa wa wata lambar girmamawa sunanta. Ta cancanta, babu mai ja. Amma ka tare ɗan makaranta a Yamai ko a Kano ka tambaye shi wane ne Baura, ka ga ko zai ba ka amsa.

Na taɓa tambayar kakata ko mutanen Bagaji ba sa jin haushi. Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta, ta ce, "Haushin me? Kowa da aikinsa. In ruwa ya ƙi zuwa, ai ba a tambayar wanda ya fi suna." A lokacin ban gane ba.

Garuruwa ma suna da ƙanne

Da na girma na fara karatun tarihi, musamman aikin Marc-Henri Piault a kan tarihin Mawri da ya fito a 1970, sai na ga abin bai tsaya ga Lugu da Bagaji ba. Matankari ita ce mazaunin Sarkin Arewa kafin zuwan Nasara. Da Faransawa suka zaunar da mulkinsu, sai Dogon Dutsi ta zama wurin kumandan. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta tashi daga Yamai ta bi Doso zuwa Ƙonni da Maraɗi da Damagaram, ta Dutsi ta bi. Kasuwa ta bi hanya, makarantu suka bi kasuwa, yau duk matafiyi ya san Dutsi, Matankari kuwa sai wanda ke da dalilin ratsewa. Ba wani laifi Matankari ta yi ba, ba kuma wata bajinta Dutsi ta nuna ba. Kwalta ce ta zaɓi inda za ta bi.

Haka Tibiri da ke kudu da mu. A takardun hukuma garuruwa biyu ke ɗauke da wannan suna: tamu ta jahar Doso, da Tsibirin Gobir da ke kusa da Maraɗi, mazaunin Sarkin Gobir. In ka ce kai ɗan Tibiri ne a wani wuri, sai an fara ɗauka Bagobiri ne kai. Shekara da shekaru Tibirinmu tana ƙarƙashin gundumar Dogon Dutsi, sai a 2011 aka yanke ta ta zama gunduma mai cin gashin kanta, da ƙananan hukumomin Tibiri, Dumega, Gesheme da Kore Mairuwa. Duk da haka har yau in za a bambanta ta sai an jingina ta da Dutsi. Ita ma "'yar'uwar wance" ce.

Wannan ya koya mini abu na farko. Sau da yawa suna ba awon daraja ba ne. Marubuci ne ya ɗauki alƙalami a kan wannan bai ɗauka a kan wancan ba, ko hanya ce ta bi ta nan ba ta bi ta can ba. Na yi shekaru ina fassara farin jinin ƙanena a matsayin hukuncin da Allah ya yanke a kaina, alhali kuwa murya ana jin ta daga nesa, gyaran takardun yara da fitila kuwa babu mai gani.

Ƙaramar ikilisiya a babbar inuwa

Tarihin bangaskiyata a wannan ƙasa ma haka yake. A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka Ikko da niyyar shiga ƙasar Sudan da bishara: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Gowans ne mai ra'ayin tun farko, mahaifiyarsa ce ma ta jawo Bingham cikin tafiyar. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, Bingham kaɗai ya koma gida da rai. Shi ya ci gaba da aikin har aka kafa tashar farko a Patigi a 1902, kuma shi ake kira wanda ya kafa mishan ɗin SIM. Wanda ya fara kira yana kwance a ƙasar Zazzau, kaɗan ne suka san sunansa.

SIM ta shigo Nijar ta Damagaram a 1924, bayan 'yan shekaru ta zauna a Tsibirin Gobir, sannan Maraɗi. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi ɗawainiya da shi, kuma shi iyayenmu suka koyi karatu da shi. Katolika kuwa sun fara zama a Yamai a 1931, bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka buɗe mishan a Dogon Dutsi. A wajenmu 'yan SIM sun yi aiki a Dutsi da Gesheme, amma nauyin aikinsu yana gabas. Makarantu, taruka, manyan shugabanni, duk Maraɗi. Lokacin da Barbara Cooper ta rubuta tarihin Kiristocin bishara na Nijar a 2006, Maraɗi ce cibiyar littafin, kuma da gaskiyarta. Mu Kiristocin Arewa mun saba zuwa taro a matsayin ƙannen Maraɗi.

Akwai kuma inuwar da ta fi wannan girma, wadda zan faɗe ta da ladabi domin na san yawancin masu karanta wannan rubutu 'yan'uwana Musulmi ne. Arewa ta daɗe tana riƙe da addinin gargajiya, har bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, duk da kusancinta da Sakkwato. Masu mishan sun zo da zaton ga fili nan da ba a shuka ba. Amma cikin ƙarni na 20, musamman bayan yaƙin duniya, Musulunci ne ya game ƙasar ta hanyar fatauci, da malamai, da masu zuwa cin rani Najeriya. Adeline Masquelier, wadda ta zauna a Dutsi tana bincike, ta bayyana wannan sauyi a littafinta na 2001 a kan 'yan bori da yaɗuwar salla a garin. Ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba.

A gidanmu babana ne kaɗai ya zama Kirista cikin 'ya'yan kakata, sauran duk suka musulunta. Ranar Babbar Salla ƙwaryar nama takan shigo mana daga gida huɗu, ranar Kirsimeti mu ma mu aika da shinkafa. Lokacin da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, ɗan baffana, mai gemu da carbi, shi ya fara bugo mini waya yana tambaya ko yara suna lafiya. Daga babana na ga yadda mutum zai zama ƙarami a cikin dangi ba tare da ya zama mai ɗaci ba. Bai taɓa ƙirga sahun masallaci yana gwadawa da kujerun majami'a ba. Abin mamaki, darasin da na gani a fili tsakaninsa da 'yan'uwansa na kasa aiki da shi tsakanina da nawa ɗan'uwan.

Shekarar da na yi fushi

Baba ya rasu a 2010, shekarar da aka yi ƙarancin abinci bayan damina ta gaza. Wata 8 yana kwance, ni da matata muke juya shi, albashina ke sayen magani da hatsi. Ƙanena yana yawon waƙa tsakanin Yamai da Najeriya, yana aiko da abin da ya samu, ya zo sau biyu. Ranar jana'iza motoci suka cika unguwa, kusan duk dominsa aka zo. Wanda ya yi wa'azi a bakin kabari ya ce marigayi ya yi sa'a da ya bar ɗan da ya ɗaga sunan gidan. Ina tsaye a gefensa da ƙasar kabari a hannuna.

Daga ranar na ɗauke wa ƙanena ƙafa. In ya kira sai in ba matata wayar. In an sa waƙarsa a wayar wani sai in tashi. Shekara biyu cur muna haka, ina kuma zuwa majami'a ina cin jibin Ubangiji kamar babu komai. Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki ce, kuma na ga haka da idona: shi yana ta ƙara gaba, ni ina ta bushewa.

Andarawas

Wata rana aka ba ni aikin koyar da yara darasin Lahadi a kan almajiran Yesu Almasihu. Ina shirya darasi sai na tsaya a kan Andarawas, wanda na sha wuce sunansa ban kula ba. Na ɗauki takarda na bi duk inda aka ambace shi.

Masunci ne daga Betsaida, almajirin Yahaya Mai Baftisma. Bisharar Yohanna ta nuna yana cikin mutum biyu na farko da suka bi Yesu, kuma abin da ya fara yi bayan haka shi ne ya nemo ɗan'uwansa Siman ya kawo shi. Siman ɗin nan shi ya zama Bitrus. Daga nan kuma sai labari ya koma kan Bitrus. Masunta huɗu aka kira a bakin tafkin Galili: Bitrus, Andarawas, Yakubu da Yohanna. Uku daga cikinsu Yesu ya riƙa keɓewa da su, a gidan Yayirus, a kan dutsen da kamanninsa suka sāke, da lambun Getsamani. Wanda aka bari a waje shi ne Andarawas, wanda ya riga su duka. Marubutan bishara in za su gabatar da shi sukan jingina shi da ɗan'uwansa. A littafin Ayyukan Manzanni sau ɗaya sunansa ya fito, cikin jerin sunaye. Wasiƙu biyu ke ɗauke da sunan Bitrus a Sabon Alkawari, Andarawas ko ɗaya.

Ba mala'ika ba ne. Lokacin da Yakubu da Yohanna suka nemi manyan kujeru, sauran goman duk sun ji haushi, shi ma yana ciki. Amma na lura da aikin da ake samun sa yana yi duk lokacin da ya fito shi kaɗai. Ranar da taro ya rasa abinci, shi ya gano yaron da ke da gurasa 5 da kifi 2 ya kawo shi. Ranar da wasu Helenawa suka so ganin Yesu, Filibus wurinsa ya fara zuwa, suka kai maganar tare. Mutumin da ke tsakiyar fage ba ya ganin yaron da ke riƙe da ƙunshin abinci a bayan taro. Sai wanda ke tsaye a gefe.

Na ajiye alƙalami domin na tuna wani abu da na binne. Ni na fara shiga ƙungiyar mawaƙan majami'a. Ni na ja hannun ƙanena na kai shi yana ɗan shekara 9, ni na nuna masa yadda ake ɗora yatsu a kan gita. Na yi shekaru ina tuna wannan a matsayin babban kuskuren rayuwata. Ranar ce na fara ganin cewa watakila shi ne aiki mafi albarka da hannuna ya taɓa yi.

Tarihin ikilisiya ya ƙara mini wani abu. Ikilisiyar Roma tana danganta kanta da Bitrus, ta Kustantiniya kuma, wato Istanbul ta yau, tana danganta kanta da Andarawas, tana kiransa wanda aka fara kira. Waɗannan biyu sun rabu a 1054. Sai a Janairun 1964 Paparoma Paul na Shida da Athenagoras, shugaban Kustantiniya, suka haɗu a Urushalima suka rungumi juna. A shekarar ce Roma ta mayar da abin da take ajiye da shi na ƙasusuwan Andarawas zuwa Patras ta ƙasar Girka, inda aka ce a nan aka gicciye shi, kuma ranar 7 ga Disamba 1965 ɓangarorin biyu suka janye tsinuwar da suka yi wa juna. Magadan 'yan'uwa biyu sun yi shekara 910 kafin su gaisa da kyau. Na ce wa kaina ni ba ni da shekara 910.

Abin da Inna ta yi

Ban kai ga ɗaukar waya ba sai Inna ta kwanta ciwo. Muka haɗu da shi a ɗakinta, kowa na kallon ƙasa. Ba ta ce mana ku shirya ba. Ta ce wa matata ta jawo wata tsohuwar adaka, ta fito da Littafi Mai Tsarki na Baba naɗe cikin zane, ta ce, "Ba wancan." A shafin farko Baba ya rubuta sunayenmu da ranakun haihuwarmu. Inna ba ta iya karatu ba, amma layin farko, inda sunana yake, ya yi baƙi ya kusa gogewa saboda yawan shafawa da yatsa. Sunan da bakinta bai taɓa furtawa ba ke nan.

Da dare muna zaune a tsakar gida sai ƙanena ya ce, "Yaya, ka san abin da na daɗe ina jin kishinka a kai?" Na ɗauka ba'a yake yi. Ya ce, "Ni in na zo gida Inna tashi take yi ta hau girki kamar an yi baƙo. Kai in ka shigo sai ta juya ta yi barci. Ni ban taɓa sa ta barci ba." Ya ce ranar jana'izar Baba ya ji maganar mai wa'azi kamar an watsa masa ruwan zafi, domin ya san wanda ya yi jinya, amma ya rasa bakin magana, ni kuma na rufe ƙofa kafin ya samu. Na roƙe shi gafara, shi ma ya roƙe ni. Ba mu yi dogon bayani ba. Inna ta tashi daga wannan ciwo, ta ƙara shekara 6 a duniya.

Ba zan ce wa mai karatu abin ya tafi gaba ɗaya ba. Har yanzu wani lokaci in na ga hotonsa ya cika Facebook nakan ji ɗan tsinke ya soke ni. Bambancin shi ne yanzu na san sunan abin, ina faɗa wa Allah shi kai tsaye cikin addu'a, ba na kuma barin ya kwana. Ɗan'uwa rabin jiki ne, kuma ba a jin haushin hannun dama don ya fi na hagu iya rubutu.

Ga iyaye ina da roƙo ɗaya, Musulmi da Kirista. Kusan kowane gida akwai ɗan da ke cika ɗaki da ɗan da ke share shi. Kunyar ɗan fari al'adarmu ce, ban ce a yar da ita ba, amma a nemi hanyar da yaro zai san ana ganinsa tun bai kai shekara 40 ba. Ga masu wa'azi kuma, na masallaci da na majami'a, kafin ku yabi wani a bakin kabari ku tambayi wanda ya yi jinya.

Shi kuwa baƙon nan na Yamai, da na ga yana ta marmarin ganin ƙanena, sai na ce masa ya biyo ni. Na kai shi gida da yamma lokacin da ƙanen nawa ya iso, na haɗa su, na shiga ciki na kawo musu fura. A ajina kuma, duk shekarar da muka zo darasin 1899, nakan ba yara labarin Sarauniya Mangu yadda ya kamata, sannan in rubuta Bagaji a allo in tambaye su wa ya san abin da ke can. Bana yaro ɗaya ya ɗaga hannu. Kakarsa 'yar garin ce.

Allah ya bar zumunci.